Tsaron Saƙonnin Ciniki: Imel, Waya da Zaurukan Ƙungiya a Matameye

Gabatarwa

Garin Matameye yana kan hanyar da ta haɗa Damagaram da Daura da Kano, ta kan iyakar Ɗan Barto da Kwangwalam. Tun kaka da kakanni mutanen wannan yanki suke fatauci: wake da gyaɗa da rake da dabbobi su yi kudu, kayan kanti su yo arewa. A da, ɗan kasuwa kan ɗaura kuɗinsa a ƙugu, ya je ya ga kaya da idonsa, ya biya hannu da hannu. Abin tsoronsa shi ne ɗan fashi a hanya da ɗan sane a kasuwa.

A yau ciniki mai yawa ta waya ake ƙulla shi. Ana aiko hoton kaya ta WhatsApp, a yi taye da saƙon murya, a tura kuɗi ba tare da an ga juna ba. Ƙungiyoyin manoma da na mata, da ofisoshin magadan gari, su ma ta imel suke aika rahoto da takardun kuɗi zuwa Damagaram da Yamai. An sami sauƙi ƙwarai, amma ɓarawo ma ya bar bakin hanya ya koma cikin saƙo. Wannan shafi zai bayyana yadda ake wannan sata, da abin da ya faru a wasu wurare, da abin da dokar ƙasarmu ta tanada, da matakan da kowa zai iya ɗauka ba tare da ya kashe ko dala ba.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Abubuwa uku sun faru a ƴan shekarun nan waɗanda suka tura ƴan kasuwar kan iyaka ga dogaro da waya. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai a watan Disamba na 2020. A farkon 2023 sauyin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, har mutane da yawa da ba su taɓa biyan kaya ta waya ba suka koma yin haka dole. Sannan bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake rufe iyaka har zuwa watan Maris na 2024.

A duk lokacin da ƙafa ta kasa tsallaka iyaka, saƙo ne yake tsallakawa. Abokan ciniki da suka saba gaisawa da hannu sai suka koma sanin juna ta lambar waya da hoton da ke kanta. Kuɗi kuma suna bi ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana, ko ta asusun waya na Airtel da Moov da Zamani. Da aka buɗe iyaka, wannan ɗabi'a ba ta koma baya ba, domin ta fi arha kuma ta fi sauri.

To, ga inda matsalar take. Amanar da ke tsakanin ƴan kasuwa ta tashi daga fuska ta koma kan lamba. Duk wanda ya mallaki lambarka ko akwatin imel ɗinka, ya mallaki bakinka, zai iya yin magana da sunanka a yarda da shi.

Ma'anar wasu kalmomi

Imel: wasiƙa ce da ake aikawa ta intanet. Kowane mai imel yana da adireshi da akwatin da wasiƙunsa suke taruwa.

Kalmar sirri: haruffa da lambobin da ake bugawa kafin akwati ya buɗe. Ita ce mabuɗin ɗaki.

Mahaɗi: shuɗin rubutun nan da yakan zo cikin saƙo, wanda idan aka danna shi yake kai mutum wani shafi.

Zaure: taron mutane a WhatsApp ko makamancinsa, inda ƴan ƙungiya ɗaya suke musayar labari da takardu.

Manhaja: tsarin aikin da ake sakawa cikin waya ko kwamfuta, kamar WhatsApp ko Gmail.

Kutse: shiga akwati ko wayar wani ba da izninsa ba.

Yadda ɓarawon saƙo yake aiki

Mutane da yawa suna zaton mai kutse wani gwanin kwamfuta ne da yake fasa na'ura da ƙarfin ilmi. Akwai irin waɗannan, amma mafi yawan satar da ake yi wa ƴan kasuwa ta hanyar yaudara ce, mai gida da kansa ake sa wa ya miƙa mabuɗi. Aikin yakan bi matakai biyar.

Na farko, leƙen asiri. Ɓarawo yana bincike ya san wane ne shugaba, wane ne ma'aji, da wa ake ciniki. Sau da yawa a Facebook yake samun wannan, ko a cikin zauren da ya kutsa.

Na biyu, ɗana tarko. Sai ya aiko saƙo mai kama da na banki ko na kamfanin waya ko na masu ba da tallafi, yana cewa za a rufe akwatinka in ba ka danna mahaɗi ka buga kalmar sirri ba. Shafin da mahaɗin zai kai ka na jabu ne, kuma duk abin da ka buga a hannunsa yake faɗawa.

Na uku, kwanton ɓauna. Bayan ya shiga, ba ya taɓa komai. Yakan yi makonni yana karanta wasiƙu, yana koyon yadda kake gaisuwa, da ranar da ake biyan kuɗi. Yakan ma saita akwatin yadda wasu wasiƙu za su riƙa ɓuya kada mai shi ya gan su.

Na huɗu, sauya lamba. Ranar da kuɗi za su fita, sai ya rubuta da sunan mai kaya ko da sunan shugaba: an sami matsala da tsohon asusu, a tura ta wannan sabon, kuma a yi maza. Gaggawa da rufa-rufa su ne makamansa biyu, domin ba ya son a sami lokacin tambaya.

Na biyar, kwashewa. Kuɗi na shiga, sai a rarraba su cikin asusai da yawa a cire su nan take. Ana yawan zaɓar jajibirin hutu ko na salla, lokacin da ofisoshi za su kasance a rufe.

Abin da ya faru a wasu wurare

Kada wani ya ɗauka cewa marar ilmi kaɗai ake yi wa wannan. Ga misalai da kotuna da hukumomi suka tabbatar.

A watan Afrilu na 2018, babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac da ke Ingila, mai sayar da manyan injunan Caterpillar, ya sami imel ɗauke da mahaɗi. Ya danna, ya ga shafi mai kama da na Microsoft, ya buga kalmar sirrinsa. Cikin ƴan kwanaki ɓarayi suka riƙa aika umarnin biyan kuɗi da sunansa, ma'aikatansa kuma suna biya, har aka fitar da kusan dalar Amurka miliyan 11, wato kimanin biliyan 6 na sefa. A watan Fabrairu na 2021 wata kotu a Amurka ta ɗaure Obinwanne Okeke, ɗan Najeriya, shekara 10 a kan wannan damfara.

Tsakanin 2013 da 2015, wani ɗan ƙasar Lituwaniya mai suna Evaldas Rimasauskas ya buɗe kamfani mai suna iri ɗaya da na Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke sayar wa Facebook da Google kayan aiki. Ya riƙa aika musu takardun neman biya na jabu, suka biya shi fiye da dalar Amurka miliyan 120. An ɗaure shi shekara 5 a 2019. Waɗannan kamfanoni biyu manya ne ƙwarai a duniya, amma takardar ƙarya ta ci su.

A yankinmu ma abin ya iso. A watan Nuwamba na 2022 masu bincike na kamfanonin Group-IB da Orange suka bayyana wani gungun ɓarayi masu jin Faransanci da aka yi wa laƙabi da OPERA1ER. Daga 2018 zuwa 2022 sun kai hari fiye da 30 a kan bankuna da kamfanonin waya, sun sace aƙalla dalar Amurka miliyan 11, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da aka lissafa, tare da Mali da Burkina Faso da Benin da Najeriya. Ƙofar shigarsu ita ce imel: wasiƙa mai kama da ta ofishin haraji ko ta neman aiki, wadda ma'aikaci zai buɗe. A 2023 hukumar ƴan sandan duniya ta Interpol ta sanar da kama wani da ake zargin jigo ne a cikinsu, a ƙasar Kot Dibuwar.

Ba kuɗi kaɗai ake sata ba. A watan Janairu na 2022 ƙungiyar agaji ta CICR ta sanar cewa an yi kutse cikin na'urorinta, an kai ga bayanan mutane fiye da 515,000, waɗanda yaƙi ko hijira ko bala'i ya raba da danginsu. Ɓarayin sun shiga ne ta wata ɓaraka a cikin manhajar da ba a sabunta a kan lokaci ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A farkon 2024 kuma, wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo, ya ga fuskokin shugabanninsa, ya ji muryoyinsu, ya tura kimanin dalar Amurka miliyan 25. Daga baya aka gane fuskokin da muryoyin duk na'ura ce ta ƙirƙira su. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mafi yawan cinikinmu da saƙon murya ake yi. Jin muryar mutum a cikin saƙo bai isa shaida ba a yau.

Hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta ƙiyasta asarar da aka kai mata ƙara a kan damfarar imel ta kasuwanci a shekarar 2023 kaɗai da kimanin dalar Amurka biliyan 2.9.

Siffofin da damfarar take zuwa mana da su

A gari kamar Matameye, ba kowa ke da imel ba, amma dabarar ɗaya ce, riga kawai take sauyawa.

Satar WhatsApp. Wani ya kira ka ya ce shi ɗan ƙungiyarku ne, za a yi taro ta waya, an aiko maka lambobi shida, ka karanto masa don a sa ka. Waɗannan lambobi shida su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. Kana faɗa masa, ya ɗauke shi zuwa wayarsa, ya shiga rubuta wa ƴan uwanka da abokan cinikinka yana neman rance da sunanka.

Shaidar biya ta jabu. Mai sayen kaya ya nuna maka hoton rasit ko saƙon da ke cewa kuɗi sun shigo. Hoto abu ne da ake iya gyarawa, saƙo kuma ana iya ƙirƙira shi. Ya tafi da buhunan wake, kai kuma asusunka fayau.

Kuɗin kuskure. A aiko maka saƙo cewa an turo maka kuɗi, sannan a kira ana roƙo, wai kuskure aka yi, ka mayar. Ka mayar daga aljihunka, alhali babu abin da ya shigo.

Tallafin ƙarya. Mahaɗi ya yi ta yawo a zauruka da tambarin wata hukuma, wai ana rabon kuɗi ko taki, a yi rajista a biya ɗan wani abu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Satar layi. Wani ya je da takardun ƙarya ya karɓi sabon kati da lambarka. Wayarka ta mutu ba dalili, saƙonnin sirri duka su koma wajensa.

Wayar da ta kwana a hannun wani. Wannan ita ce ƙofar da muka fi sakaci da ita. Ana barin waya a buɗe wajen mai caji, ko mai gyara, ko mai tura finafinai. Yawancinsu mutanen kirki ne, amma mintuna biyu sun isa marar gaskiya ya haɗa WhatsApp ɗinka da wata na'ura, ya riƙa karanta komai daga nesa.

Me doka ta tanada?

Nijar tana da doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 a kan laifukan intanet. Ta hukunta kutse cikin na'urar wani da damfara ta hanyar sadarwar zamani. A 2022 an yi mata gyara, an cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, sannan a watan Yuni na 2024 aka maido da ɗaurin, kuma hukuncin ya shafi yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a. Wannan ya ƙara wa shugaban zaure nauyi: idan aka sace lambarka aka yaɗa mugun abu da ita, kai za a fara tambaya.

Akwai kuma dokar kare bayanan mutane, wadda aka fara kafawa a 2017 aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa kula da ita. Duk ƙungiyar da ke riƙe da sunayen mutane da lambobinsu da hotunan katunansu na shaida, amana ce a hannunta, kuma doka ta wajabta mata tsare ta. Hukumar ARCEP ita ke sa ido a kan kamfanonin waya. Rundunar ƴan sanda tana da sashen yaƙi da laifukan intanet a Yamai. A ƙetaren iyaka, Najeriya tana da tata dokar tun 2015, da hukumar EFCC. Tarayyar Afirka kuma ta amince da yarjejeniyar Malabo a 2014, wadda ta fara aiki a 2023.

Dokoki dai akwai su, amma a lura da abu guda. Wanda aka cuta yana Matameye, ɓarawo yana wata ƙasa, kuɗin sun bi ta asusai biyar kafin gari ya waye. Okeke sai da aka yi fiye da shekara guda kafin a kama shi, kuma wannan manyan hukumomin Amurka ne suka bi sawu. Wanda aka sace wa jika ɗari biyu, da wuya ya sami irin wannan gata. Saboda haka rigakafi ya fi magani.

Darasi daga akwatin asusu

Matan karkararmu sun riga sun san maganin. A tsarin Mata Masu Dubara, wanda ya samo asali a jihar Maraɗi a 1991, da ƙungiyoyin asusu makamantansa, akan sa wa akwatin kuɗi kwaɗo uku, kowane mabuɗi a hannun mace daban, kuma ba a buɗe shi sai a gaban taro. Ba don ana zargin kowa ba ne, don kada kuskuren mutum ɗaya ya halaka dukiyar jama'a ne. Duk shawarwarin da ke tafe, wannan hikima ce aka mayar cikin waya.

Matakan kariya ga kowane mutum

1. A sa wa waya makulli. Kada a yi amfani da 1234, ko 0000, ko shekarar haihuwa, ko ƙarshen lambar waya.

2. Kalmar sirri ta zama doguwa. A haɗa kalmomi huɗu na Hausa da ba su da dangantaka da juna, a ƙara lamba. Kowane akwati da tasa kalmar, domin in mabuɗi ɗaya ke buɗe ɗakuna duka, ɓatansa ɓatan gida ne.

3. Wanda yake tsoron mantuwa ya rubuta kalmar a ɗan littafi ya kulle a akwati. Kada a rubuta ta a bayan waya.

4. A sa kwaɗo na biyu. WhatsApp da Gmail da Facebook duk suna da shi. A wayar da ke Faransanci, sunansa a WhatsApp «Vérification en deux étapes». Za ka zaɓi lambobi shida naka na kanka, waɗanda za su tare ɓarawo ko da ya sami na cikin saƙo.

5. Lambar sirri ba a faɗa wa kowa. Ma'aikacin gaskiya na banki ko na kamfanin waya ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrinsa. Duk wanda ya tambaya, a kashe waya.

6. Kada a danna mahaɗin da ba a san asalinsa ba, ko da daga lambar aboki ya fito, domin mai yiwuwa shi ma an sace tasa.

7. Kafin a saki kaya, mai kaya ya duba asusunsa da kansa, ko ya je ofishin kamfanin ya karɓi kuɗinsa. Gani ya kori ji.

8. A yi rajistar layi da katin shaidar mai shi. Layin da ke da sunan wani, ranar rigima ba naka ba ne.

9. Kafin a ba da waya gyara, a cire kati. A WhatsApp, a riƙa duba wurin da ake kira «Appareils connectés», a fitar da duk na'urar da ba a sani ba.

10. Idan waya ta nemi a sabunta manhaja, a sabunta. Sabuntawa liƙe tsagar bango ce.

Matakan kariya ga ƙungiya da ofis

1. Kada kuɗi su fita da umarnin mutum ɗaya. Mutum biyu aƙalla su amince, a rubuta a littafi.

2. Ba a karɓar sauyin lambar asusu ta saƙo, ko rubutacce ko na murya. A kira mai kayan ta tsohuwar lambar da aka san shi da ita, wadda ke cikin littafi, a yi masa tambayar da shi kaɗai ya san amsarta. Kada a kira lambar da ta zo cikin saƙon. Matambayi ba ya ɓata.

3. Shugaba ya sanar a gaban taro cewa ma'aji yana da iznin ya jinkirta biya har sai ya tabbatar, ko da umarnin daga shugaban ya fito. Ɓarayi sun san muna jin nauyin manya, kuma da wannan kunyar suke cin mu.

4. A duba adireshin imel harafi bayan harafi. Ɓarawo kan sauya harafi ɗaya tak, ya sa lamba 1 a wurin harafin l, ko ya ƙara ɗigo.

5. Kowane ma'aikaci da nasa akwati. Kalmar sirri ɗaya da mutum goma suka sani ta tashi daga sirri.

6. Zaure ya kasance da shugabanni biyu ko uku, kuma kada a shigar da lambar da babu wanda ya san mai ita. A riƙa tace sunaye duk wata uku.

7. Kada a zuba jerin sunayen masu cin gajiyar tallafi, ko hotunan katunan shaida, a cikin babban zaure. A aika su ga wanda aikin ya shafa kaɗai.

8. Ranar da ma'aikaci ko ɗan kwamiti ya bar aiki, a sauya kalmomin sirri, a cire shi daga zaure, a karɓi layin ƙungiya. Wannan ƙa'ida ce ga kowa, ba cin fuska ba ce.

9. A ajiye kwafin muhimman takardu a wuri na biyu, kuma kada a yar da littafin takarda. Akwai ɓarayin da ke kulle kwamfuta su nemi kuɗin fansa, amma mai kwafi ba ya shiga hannunsu.

Idan abin ya riga ya faru

Sa'o'in farko su ne masu daraja. A garzaya ofishin kamfanin aika kuɗi ko banki, a nemi a tsayar da kuɗin kafin a cire su. A sanar da ƴan uwa da abokan ciniki ta kira ko ta bakin wani cewa kada su amsa saƙon da ya fito daga lambar.

Wanda aka sace wa WhatsApp, muddin layinsa yana hannunsa, ya sake buɗe manhajar da lambarsa. Sababbin lambobi shida za su zo, yana buga su ɓarawon zai fita. In ɓarawon ya riga ya sa nasa kwaɗon, za a jira kwana 7 kafin a shiga. Wanda layinsa ya mutu ba dalili ya je ofishin kamfanin da katin shaidarsa a ranar. Wanda aka shiga imel ɗinsa ya sauya kalmar sirri, ya sa wani masani ya duba ko an saita akwatin yana tura wasiƙu wani wuri.

Kada a goge saƙonnin, domin su ne shaida. A kai ƙara wajen ƴan sanda ko jandarmomi, tare da lambobin da ranar da adadin kuɗin. A kuma yi hattara da masu zuwa daga baya su ce za su dawo da kuɗin in an biya su, sau da yawa damfara ce ta biyu.

Kunya ita ce babbar abokiyar ɓarawo. Wanda aka cuta ya yi shiru don kada a yi masa dariya, gobe maƙwabcinsa zai faɗa ramin. Ƙungiya ta karɓi mai kawo rahoto da godiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Karatu ma kariya ne

Mutumin da bai iya karatu ba dole ya miƙa wayarsa ga wani ya karanta masa saƙo, dole ya faɗa wa wani lambarsa ya buga masa. Kowace miƙawa ƙofa ce. Saboda haka darasin lambobi da haruffa da kuke ɗauka a cibiyar yaƙi da jahilci yana da amfani tun daga makon farko. Wanda ya san lambobi zai buga lambar sirrinsa da hannunsa. Wanda ya iya haɗa baƙi zai karanta sunan mai karɓa kafin ya tura kuɗi. Kafin a kai nan, a zaɓi mutum ɗaya amintacce mai karanta saƙo, amma lambar sirri ta tsaya a hannun mai ita.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Mutum nawa ne suka taɓa wayarka a wannan mako? Wane ne a cikinsu ya san lambar buɗe ta?

2. A ƙungiyarku, wa ke da ikon fitar da kuɗi? Me za a yi idan saƙo ya zo da sunan shugaba yana neman a biya da gaggawa?

3. Layin ƙungiyarku da sunan wa aka yi masa rajista?

4. Ku rubuta ƙa'idoji uku da za ku bi daga yau, ku karanta su a taron ƙungiya na gaba.